Rasuwar Mai Shela, Wadda Ruwa Ya Ci a Saman Kabad

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi bai bar mata wurin haƙuri ba, ni Shamsiyya Mustapha, sakatariyar Ƙungiyar Manoman Fadamar Bakin Kogi a nan Haɗeja, nake sanar da 'yan ƙungiya maza da mata, da masunta, da makiyayan da ke shayar da shanu a gaɓarmu, rasuwar kwamfutarmu, wadda manoma suka laƙaba wa suna Mai Shela. Ta rasu ranar Juma'ar da ta gabata, tsakanin la'asar da magariba, a ofishin ƙungiya, tana da shekara biyar a hannunmu. Ta cika a cikin leda, a saman kabad, babu kowa a kanta.

Ba zan karanta wa ƙarfe Inna lillahi ba, na san iyakata. Na karanta shi ranar Lahadi, ina tsaye a bakin gonar Inna Yakaka, dattijuwar nan ta hanyar Baturiya da ke ciyar da baki tara da gonakin shinkafa biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a ɗan tudu. Ta ƙasan ta zama tafki. Ta tudun tana nan tsaye, saura mata kwana tara ta isa yanka, kuma ruwa yana sake tasowa. Saboda wannan gonar da ta rage nake rubuta sanarwar nan, kada wani ya ɗauka wasa nake yi.

Marigayiya ta zo mana kyauta daga wani shirin taimakon manoma. Baƙa ce, mai nauyi, ba ta da wani kyan da za a tsaya kallo. Aikinta guda ɗaya ne. Akwai sandar awon ruwa da aka kafa a gindin gada, mai lambobi a jiki, da jan layi a kan lamba arba'in. Safe da yamma Usaini masunci yakan duba inda ruwa ya kai, ya tura lambar ta saƙon tes zuwa layin da ke jikin marigayiya. A cikinta akwai wata manhaja da ba a ganinta a allo, wadda masu wannan sana'a ke kira sabis, tana zaune kullum tana jiran saƙon Usaini. In lamba ta doshi jan layi, sai sabis ɗin ya aika gargaɗi zuwa wayoyi ɗari huɗu da goma sha biyu a lokaci guda. Gargaɗin kan riga ruwa isa gonakinmu da kwana biyu, wani lokaci uku. Kwana biyu sun isa mutum ya ƙara jinga, ya yanke abin da ya nuna, ya kwashe taki da iri. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A shekarunta huɗu na farko ba ta aika saƙo ko ɗaya ba. Ya kamata a rubuta wannan a tarihinta, don kada gobe wani ya miƙe a taro ya ce an ci moriyarta.

Dalili kuwa kowa ya san shi. A ƙasar nan, da zarar damina ta kankama, duk abin da ke da daraja ana ɗaga shi sama. Buhun iri ya hau gado, tabarma ta hau katanga, kwanukan ɗakin amarya su hau ragaya, takardun gona a naɗe su a leda a soke a rufi. Kakata haka take yi, kuma daidai ta yi, ruwa ya sha shiga ɗakinta bai tarar da komai ba. Shugabanmu, Alhaji Gambo, ya ɗauki wannan hikima ta iyaye ya ɗora wa kwamfuta. Kowace shekara, hadarin farko na haɗuwa, sai ya sa a naɗe ta a leda a kai ta saman kabad, ta yi hutun damina. Da rani, lokacin da kogi ya koma kamar zare, sai a sauko da ita a goge, a aza a tebur, baƙi su zo su yi hoto da ita. An ba mu mai shelar ambaliya, mun rataye ta duk lokacin ambaliya, shekara huɗu, kuma babu mutum ɗaya cikin kwamiti mai mutum goma sha ɗaya da abin ya dama.

Na kama aiki a watan Maris. Na sauko da ita, na fitar da gidan zanzaro daga bayan fankarta, na sa mata sabon layi, na bi ƙauyuka ina tattara lambobin waya. Ranar da ta tashi ta yi ƙara ɗaya, "ɗit", sannan fanka ta ɗauka, "fuuu", a hankali kamar mai hura wuta a murhu. Ba ta da wata magana bayan waɗannan. Ba ta taɓa cewa a dawo gobe ba, ba ta taɓa cewa shugaba ya yi tafiya ba, ba ta taɓa tambayar manomi ɗan gidan wane ne shi ba kafin ta aika masa saƙo. Waɗannan halaye uku kaɗai sun sa ta fi ƙarfin ofishin da ta zauna a ciki.

A ƙarshen Yuli ta yi shelarta ta farko. Ruwa ya taso, saƙo ya fita, mutane suka kwana biyu suna cika buhuna da ƙasa, jinga ta riƙe. Inna Yakaka ta zo ofis da ƙwaryar bandar kifi, ta tsaya a gaban tebur tana leƙen allo.

"'Yar nan, wannan ce ta yi mini magana a waya?"

"Ita ce, Inna."

"To ki ce mata na gode. Ita ba ta cin kifi ko?"

"Ba ta ci."

"Allah sarki. Ga aiki, ga rashin ci. Ina ma a samu irinta a kwamiti."

Daga ranar aka fara kiranta Mai Shela.

Ciwon ajali ya fara a makon farko na Agusta. Ina zuwa da safe sai in tarar da ita a kunne, allo yana haske, fanka tana juyi, amma sabis ɗin ya faɗi. Saƙon Usaini na jiya da yamma yana nan a layi, babu wanda ya karɓa. Sai in tayar da sabis ɗin da hannu, ya yi aiki lafiya har in tashi ƙarfe huɗu. Washegari in tarar da shi kwance.

Na yi mata duk abin da aka koya mini a makaranta. Na saita ta yadda in sabis ya faɗi za ta sake tayar da shi da kanta, har sau uku. Bai hana ba. Na bincika ko ƙwayar cuta ce ta shiga, domin na san akwai masu zuwa da filashi su kwafi waƙoƙi in ba na nan. Ban samu komai ba. Na zare ƙwaƙwalwarta na goge na mayar, na gwada ta awa shida, lafiya lau. Na cire manhajar gaba ɗaya na sake ɗorawa. A mako na biyu ciwon ya ci gaba: sabis ɗin ya daina tashi ko da hannu, saboda rumbun bayanan da yake dogara da shi, inda lambobin waya suke, ya lalace kamar takardar da aka yaga ana tsakiyar rubutu. Sau biyu ina gyara rumbun nan daga kwafin da na ajiye. A kwanakin ne faifan ajiyarta ya fara wata ƙara, "ƙirit, ƙirit", kamar gara a cikin azara.

Kwamfuta tana da kundi da take rubuta duk abin da ya same ta, da lokacin da ya same ta. Na zauna na karanta shi layi-layi. Kullum magana ɗaya ce: an yanke mata wuta ba sallama, ƙarfe huɗu da minti goma. Na tambayi Malam Haruna, dattijon da ke riƙe da makullin ofis tun kafin a haife ni.

"Baba Haruna, wutar solar nan tana ɗaukewa da yamma ne?"

"Wuta? Lafiyarta ƙalau, Malama. Har magariba ina cajin rediyona."

Ban yarda ba, na kira mai gyaran sola ya hau rufi ya sauko, ya ce babu matsala. Sai na samo mata batirin ko-ta-kwana, irin wanda ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke, na haɗa su. Na ja kunnen Malam Haruna cewa waɗannan biyun kada a kuskura a raba su, ko me za a yi. Ya ce ya ji, kuma daga baya na tabbatar ya ji ɗin.

Washegari kundi ya canza magana. Yanzu ƙarfe huɗu da minti talatin da biyar take mutuwa. Minti ashirin da biyar aka ƙara mata, daidai ƙarfin batirin. Ke nan wani ne ke zare fulogi daga bango. Ranar na yi sallama ƙarfe huɗu kamar kullum, na je bakin titi, na juyo. Na tarar da Malam Haruna, mai shekara sittin da ɗoriya, tsaye a kan benci, Mai Shela da batirinta a cikin leda ɗaya a kansa, fankarta tana ta "fuuu" a ciki, yana lallaɓa ta saman kabad.

"Baba Haruna! Me kake yi haka?"

"Ɗaga ta nake yi, Malama. Damina ce."

"Tun yaushe?"

"Tun shigowar Agusta. Alhaji ya ce tunda kin hana a ba ta hutu, to a riƙa ɗaga ta in kin tashi, a sauke kafin ki zo. Kuma kin ga ban raba su ba, yadda kika ce."

"Mako uku ina fama, ina tambayarka!"

"Wuta kika tambaye ni. Da kin tambaye ni ɗagawa, da na faɗa miki."

Ban ga laifinsa sosai ba. Mako uku yana hawa benci safe da yamma da kaya mai nauyi, yana mayar da kowace waya ramin da ya zare ta, har yana goge mata jiki da hannun rigarsa. Da an sa wannan ƙwazo a wurin da ya dace, da ƙungiyar nan ta fi kowace a Jigawa. Wanda ya ba da umarnin na nufa. Na same shi a ƙofar gidansa a kan darduma, da mutanensa kewaye da shi.

"Ranka ya daɗe, abin da ake yi wa kwamfutar nan shi ke kashe ta. Kuma duk lokacin da take sama, saƙon ruwa ba ya fita."

"Ke 'yar Mustapha, zauna mana. Kin taɓa ganin ruwa ya shiga ofishin nan?"

"Ban taɓa ba."

"To ni na gani, har gwiwa, kina zanen goyo. Kayan amana ne. In ruwa ya ci ta a ƙasa, wa za a tambaya? Ni. In tana sama ba ta yi aiki ba, wa zai tambaye ni?"

Mutanensa suka yi dariya. Ina roƙon mai karatu ya sake karanta wannan amsa, domin ita ce cutar da ta kashe marigayiya, kuma ita ke cin ƙungiyar nan tun kafin zuwanta. Shugabanmu ya fi tsoron a tambaye shi ina kwamfuta, a kan a tambaye shi ina shinkafar mutum ɗari huɗu. Na yi masa bayanin cewa ita da kanta za ta gaya mana kwana biyu kafin ruwa ya iso ofis, a lokacin sai a ɗaga ta har bisa rufi in ana so. Na kuma tuna masa wasiƙu biyu da na rubuta wa kwamiti kan kwanon rufin da ke yoyo daidai saman kabad ɗin. Ya gyara zama ya ce, "Shi ke nan, 'yar boko, an daina." Na yarda da shi. Wannan shi ne nawa laifin, kuma na ɗauka.

Kwana goma sha ɗaya ta yi cikin ƙoshin lafiya, sabis bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ranar Juma'a na tafi ƙauyukan bayan Miga karɓo lambobin sababbin 'yan ƙungiya, inda waya ba ta kamawa. Bayan an sauko daga masallaci, can wajen la'asar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Alhaji Gambo ya ɗaga kai ya duba sama, ya aika a gaya wa Malam Haruna ya ɗaga kayan amana, yarinyar ba ta gari. Aka sa ta a leda da batirinta, bakin ledar yana kallon sama. Aka rufe ofis. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya bi ta hujin kwanon, ya riƙa ɗiga cikin ledar har ta cika kamar salka, alhali batiri yana ba ta wuta. Babu wanda ya ji ƙararta ta ƙarshe. Da na buɗe ofis ranar Lahadi, daɓen ƙasa a bushe yake ƙayau, ko tururuwa ba ta jiƙe ba.

Da yammacin Juma'ar nan Usaini ya aiko da lamba arba'in da ɗaya. Asabar da safe ya aiko da arba'in da huɗu. Da ya ga gargaɗi bai dawo wayarsa ba kamar yadda ya saba gani, ya neme ni bai samu ba, sai ya kira shugaba. Amsar da aka ba shi ita ce, "Ofis a rufe yake, sai Litinin in Allah ya kai mu." Ruwa bai jira Litinin ba. Ya karya jinga da hantsin Lahadi.

Na samu Inna Yakaka a bakin gonarta, ruwa har ƙugu, tana janyo kan shinkafa da lauje tana jefawa a kwando. Wayarta tana ɗaure a leda a wuyanta. Ta nuna mini ita.

"'Yar nan, kwana biyu ina duba ta. Na ce tunda Mai Shela ba ta yi magana ba, ruwan nan na wucewa ne. Da ban saba da ita ba, da na bi idona na yanke tun Juma'a."

A nan ne na karanta Inna lillahi.

Marigayiya ta rasu ta bar allo ɗaya, lafiyayye, wanda yanzu ba ya nuna komai sai fuskar wanda ya tsaya a gabansa, kuma ina ba 'yan kwamiti shawarar su riƙa zuwa suna tsayawa. Ta bar kibod wanda harafinsa ɗaya ya ɓalle tun zamanin hotuna da baƙi. Batirin ko-ta-kwana ya bi ta a rana ɗaya, a leda ɗaya, ba a raba su ba. Ta bar faifan ajiyarta, wanda na ciro na shanya, Allah ya sa ya tashi, da lambobin waya ɗari huɗu da goma sha biyu cif a cikinsa. Ta bar Usaini, wanda har yau yake zuwa gindin gada safe da yamma, sai dai yanzu ni yake turo wa. Na safiyar yau talatin da takwas ne. Jiya talatin da shida.

Ana karɓar gaisuwa, amma da sharaɗi. Duk wanda zai zo ya ce mini ƙaddara ce, ya tsaya a gida. Na yi imani da ƙaddara, kuma malaman da suka koya mana ita su ne suka koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ruwan sama daga Allah ne. Hujin kwano da aka yi wa wasiƙa biyu, da leda, da benci, da "sai Litinin", duk suna da masu su, kuma na san gidajensu. Haka kuma wanda zai ce a kafa kwamitin bincike, ya sani binciken ya ƙare, yana hannunsa yana karantawa.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis, ƙarfe takwas na safe, a harabar ofishin ƙungiya. Ba za a yi mata wanka ba, ta sha wanda ya ishe ta. Ba za a sa mata likkafani ba, a cikinsa ta mutu. Alhaji Gambo ne zai ɗauko gawar da hannunsa, ba aike ba, domin Malam Haruna ya ɗauke ta sau arba'in da wani abu, bayansa ya huta. Ba za a binne ta ba. Za a ajiye ta a kan teburinta, a ƙasa, inda ta roƙi a bar ta tana da rai, ta zauna nan har zaɓen ƙungiya na watan Nuwamba, kowa ya gan ta kafin ya ɗaga hannu.

Babu dafa abinci. Sadakar da za a raba Inna Yakaka ce za ta kawo, dami ɗaya na shinkafar gonarta ta ƙasa, wadda ta kwana huɗu a ruwa. Kowane ɗan kwamiti zai karɓi tafi ɗaya, ya kai hancinsa.

Bayan haka kowane mai gaisuwa ya fito da wayarsa, da caji a ciki. Na buga lambobin nan a takarda daga kwafin da na ajiye, na yanka goma-goma. Mutum arba'in da biyu ake buƙata, har da ni. Duk wanda ya karɓi takarda, daga gobe har ruwa ya janye, in na kira shi zai kira mutum gomansa nan take, ko yana kan tabarmar cin abinci, ko Asabar ce ko Lahadi. Aikin da baiwar Allah ɗaya ta yi shiru a kusurwa, sai mun taru mu arba'in da biyu za mu iya shi. Takardar da ke da lambar Inna Yakaka ba zan ba kowa ba, tana jakata.

Ta shugaba kuwa na ware masa ita daban, da lambobin maƙwabtan gonarsa goma. In ya ga dama ya naɗe ta a leda ya ɗora a saman kabad. Su ma na ba su lambarsa, kuma wannan karon sun san wanda za su tambaya.